Yaro ya ci bak, yana son shari'a da kasuwanci: ina za a kai shi?

Jama'ar Kiyeshe da 'yan uwa na Kwatano da Abijan, wannan tambaya ta yawaita a gidan rediyonmu, to ga abin da muka sani.

Jami'o'in gwamnati biyu ne suka fi dacewa. Akwai Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, kusan kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Sai Djibo Hamani ta Tawa, inda shari'a da tattalin arziki da gudanar da kasuwanci suke tsangaya ɗaya. Ta Doso ta fi kusa, amma ta fi karkata ga fasahar kwamfuta.

Kuɗin rajista ba shi ke karya uba ba. Haya ce da abinci da kuɗin mota, shekara 3 cur kafin lisans. Ɗakunan jami'a ba su isar kowa, bursin ANAB kuma ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma yakan jira. Saboda haka ku fara duba garin da yaro yake da kawu ko gwaggo mai ɗaki. Mu dai a ganinmu wannan ya fi sunan makaranta nauyi.

Masu cewa a kai shi Sakkwato, ku yi hattara. Shari'ar can tsarin Ingila ce, ga Turanci. Tamu da Faransanci ake yin ta, dokar kasuwancinmu kuma ta OHADA ce, wadda Najeriya ba ta ciki. In a gida zai yi aiki, sai ya sake zama ɗalibi.