Matan Banki a Jos: Murmushi a Kanta, Nauyi a Ka

Ƙarfe takwas ake buɗe wa jama'a ƙofofin bankunan da ke Titin Ahmadu Bello a Jos, amma tun kafin nan, ko da sanyin hunturu ya kai intaha, ma'aikata sun hallara, da yawansu mata. Ƙarfe huɗu a rufe ƙofa, sai dai mai karɓa da biyan kuɗi ba ta tashi sai lissafinta ya daidaita. In aka sami giɓi, sau da yawa ita za ta cike. Daga nan ta kama hanyar Bukur ko Rikkos bayan magariba, girki da yara na jiranta.

Matsin ya ƙaru ne tun 2004, lokacin da Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin da ake buƙata daga kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, gasar neman kuɗin ajiya ta tsananta. Aka riƙa yanka wa 'yan mata adadin da za su kawo, suna bin ofis-ofis da shagunan kasuwar Taminus suna lallashin masu kuɗi. Wadda ta kasa, aikinta na kan siraɗi. Abin da wasu attajirai ke nema kafin su buɗe asusu kuwa, abin kunya ne da ya kamata shugabannin bankuna su tsaya su kare ma'aikatansu daga gare shi.

A farkon 2023, da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi, matan kanta ne suka sha zagin mutanen da suka yini a layi, alhali ba su suka yanke hukuncin ba.

Ba a musun an ci gaba. Nneka Onyeali-Ikpe ta zama shugabar bankin Fidelity a 2021, Adaora Umeoji ta karɓi bankin Zenith a 2024. Albashin da ke shiga kan lokaci ma babban abu ne a garin da ma'aikatan gwamnati suka sha jiran nasu. Amma yawancin matan da ke kanta 'yan kwantiragi ne da wani kamfani ya ɗauko: aiki iri ɗaya da na ma'aikacin dindindin, albashi ƙasa da nasa, ƙarin girma sai an dace. A ganina nan ciwon yake, ya ma fi na tsawon awoyi. Mace za ta jure gajiya in ta san kujerarta na nan bayan hutun haihuwa na mako 12 da dokar ƙwadago ta ba ta. Wannan tabbacin ne ya kamata ƙungiyoyin ma'aikatan banki, ASSBIFI da NUBIFIE, su sa a gaba duk lokacin da suka zauna da masu bankuna.