Matan Faransa da Wasan Ƙwallon Gora na Ƙanƙara

A ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 1908 waɗansu 'yan wasa daga Faransa da Beljiyam da Siwizalan da Birtaniya suka taru a wani gida da ke titin Provence a birnin Paris, suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa kula da wasan ƙwallon gora na ƙanƙara a tsakanin ƙasashe. Wanda suka zaɓa ya shugabance su Bafaranshe ne mai suna Louis Magnus, wanda har yau kofin zakarun maza na ƙasar yake ɗauke da sunansa. Shekara guda kafin wannan taro kuwa, wata ƙungiya daga birnin Lyon ita ce ta fara cin gasar ƙasar Faransa. Watau dai a tsakanin waɗannan birane biyu aka yanke wa wasan cibiya a ƙasar. Amma duk da wannan daɗewa, sai a shekarar 2026 ne ƙungiyar mata ta Faransa ta taka ƙanƙarar wasannin Olamfik karo na farko. Dalilin wannan jinkiri shi ne abin dubawa.

Da yake mafi yawan masu karatu ba su taɓa ganin wasan da idonsu ba, ya kamata a fara da bayanin yadda yake. Filin wasan ƙanƙara ce shimfiɗaɗɗiya, tsawonta mita 60, an kewaye ta da katanga ta katako da gilashi. A ƙarƙashinta akwai bututai da injuna masu sanyaya ta dare da rana, don kada ta narke. Kowane gefe yana da mutum shida a fili, ɗaya daga cikinsu mai tsaron gida ne. Suna sanye da takalma masu sandar ƙarfe mai kaifi a ƙasa, da su suke sulalewa, kuma kowa yana riƙe da gora mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 160 zuwa 170. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili ba a canza shi ba, ana kuma yin canjin ne wasa yana gudana. Wanda ya yi laifi sai a tsare shi a benci minti biyu, 'yan uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage.

Wannan canji na kowane minti shi ne mabuɗin fahimtar halin da Faransa take ciki. A ƙwallon ƙafa gwani ɗaya ko biyu suna iya ɗaukar nauyin ƙungiya tun daga farko har ƙarshe. A nan kuwa gwana tana hutawa fiye da yadda take wasa, saboda haka ƙasa tana bukatar 'yan wasa wajen ashirin waɗanda ba su da nisa da juna a ƙwarewa. Ƙasar da take da gwanaye biyar kawai, to, da zarar sun zauna a benci sai a yi ta zuba mata.

Mata sun daɗe suna wannan wasa a Kanada, tun ƙarshen ƙarni na 19, amma gasar duniya ta farko da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta amince da ita sai a 1990 aka yi ta a birnin Ottawa. Daga nan aka shigar da wasan mata cikin Olamfik a Nagano ta ƙasar Japan a 1998. Tun daga lokacin ƙasashe biyu suka kankane kome. Amurka ta ci zinariyar farko, Kanada ta ci huɗu a jere daga 2002 zuwa 2014, kuma babu wata ƙasa ta uku da ta taɓa ɗaukar wannan lambar. Sau ɗaya tak wata ƙasar Turai ta kai wasan ƙarshe na Olamfik, watau Suwidin a 2006. Ratar ta yi yawa har a Vancouver a 2010 Kanada ta ci Sulobakiya 18 da nema, abin da ya sa shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Jacques Rogge, ya yi kashedi cewa wasan ba zai dawwama cikin jerin ba in sauran ƙasashe ba su matso ba. Kanada da Amurka kowace tana da mata da 'yan mata dubu gommai masu rajista. Na Faransa 'yan dubbai ne ƙalilan.

Gasar duniya hawa-hawa ce. Akwai rukunin manya, ƙasashe goma, a ƙarƙashinsa kuma akwai waɗansu rukunai, kowace shekara na sama suna hawa, na ƙasa suna sauka. Matan Faransa sun yi shekaru suna kai da kawowa a ƙananan rukunai, sai a 2018, a wani ƙauyen kan dutse da ake kira Vaujany, suka zo na ɗaya a rukuni na biyu, suka sami hawa. A 2019 suka je Espoo ta ƙasar Finlan suka kara da manya, suka ƙare a na goma, suka sauko. Annobar korona ta hana a yi gasar rukuninsu shekara biyu. A 2022 suka sake cin rukunin a gida, a birnin Angers, a 2023 suka je Brampton ta Kanada, suka sake ƙarewa a na goma, suka sake saukowa. Sun fi ƙarfin ƙananan, manyan kuma sun fi ƙarfinsu, kamar jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

Babbar matsalar ita ce ƙanƙarar kanta. Yaron da yake son ƙwallon ƙafa fili da tsumma sun ishe shi, amma wannan wasa sai da gini da injuna da wutar lantarki mai tsada. Garin da yake da filin ƙanƙara ɗaya dole ya raba sa'o'insa tsakanin ƙungiyar maza, da yara, da masu rawar kan ƙanƙara, da jama'a masu zuwa shaƙatawa suna biyan kuɗin shiga. A irin wannan rabo mata sukan sami ragowa ne, can da dare ko da sassafe. Ga kuma tsadar kaya, domin takalma da hular kwano da sulke da gora ba abin da kowane uba zai iya saya ba ne, balle yarinya tana girma ana sake wasu. Saboda ƙarancin 'yan mata a yawancin garuruwa, yarinya takan tashi tana wasa cikin ƙungiyar samari. Wannan yana da amfaninsa, don tana koyon sauri da juriya, amma idan samarin suka fara ƙarfin balaga sai ta rasa wurin zama, ƙungiyar mata mafi kusa kuma tana iya kasancewa tafiyar sa'o'i.

Hukumar wasan ta Faransa, wadda ta balle daga hukumar wasannin ƙanƙara ta tsaya da ƙafarta a 2006, ta nemi maganin wannan ta hanyar tara 'yan mata masu hazaƙa wuri guda, suna karatu suna horo. Da farko cibiyar tana Chambéry a gindin duwatsun Alps, daga baya aka mai da ita Cergy, arewa maso yamma da Paris, inda aka buɗe babban filin ƙanƙara a 2016, kuma nan ne hedkwatar hukumar. Dabarar ta yi amfani, amma tana da iyaka. Idan yarinya ta gama makaranta babu gasar cikin gida da za ta biya ta albashin da za ta rayu a kansa, saboda haka duk wadda ta yi fice sai ta ɗauki jakarta.

Marion Allemoz, 'yar Chambéry, wadda ta daɗe tana shugabancin 'yan wasan ƙasar, ita ce ta share hanya. Ta tafi jami'ar Montreal, ta shiga ƙungiyar Les Canadiennes, ta ci kofin Clarkson tare da su a 2017, sa'an nan ta koma Suwidin. Lore Baudrit, wadda ta gaje ta, ita ma ta yi wasa a Montreal da Suwidin da Jamus. Chloé Aurard ta yi karatu a jami'ar Northeastern a Boston, kuma da aka kafa gasar ƙwararru ta mata a Arewacin Amurka, wadda ta fara a watan Janairu na 2024, ƙungiyar New York ta ɗauke ta. Estelle Duvin kuwa ta yi suna a birnin Bern na Siwizalan. Ashe ke nan ƙungiyar ƙasa ta 'yan ci-rani ce. Mai horar da su, Grégory Tarlé, wanda ya kai su ga hawan nan biyu, yakan tattaro su ne daga ƙasashe dabam-dabam na 'yan kwanaki, kowace ta zo da salon gidan da take. Har dokokin ma ba ɗaya ba ne, gama Suwidin ta halatta bangaza da jiki a gasar mata tun 2022, alhali kuwa a wasannin ƙasa da ƙasa an daɗe da hana shi.

Yadda suka sami shiga Olamfik ma yana da nasa labari. A watan Fabrairu na 2025 aka yi wasannin neman gurbi, Faransa tana rukuni ɗaya da Japan da Sin da Polan a garin Tomakomai. Na ɗaya kaɗai ke wucewa, Japan ce kuwa ta zo na ɗaya. Sai dai Rasha, wadda matsayinta ya ba ta gurbi, an dakatar da ita tun 2022 saboda yaƙin Yukiren, don haka aka ba da wurinta ga wadda ta fi maki a cikin ƙasashen da suka zo na biyu, watau Faransa. Wani zai ce ta taga suka shiga. Gaskiya ne, amma sai wanda ya matso kusa da gida yake samun taga. A Milan a watan Fabrairu na 2026 sun haɗu da Italiya da Japan da Suwidin da Jamus, ba su kuwa wuce matakin rukuni ba.

Birnin Lyon ya riga ya nuna abin da kuɗi da haƙuri suke iya yi wa wasan mata. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Olympique Lyonnais ta ci kofin zakarun Turai sau takwas tsakanin 2011 da 2022, kuma a filinta da ke Décines, a gefen birnin, aka yi wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta mata a 2019. Wannan bai faɗo daga sama ba. Masu ƙungiyar ne suka yanke shawara su biya mata albashi, su ba su filin horo da likitoci kamar yadda ake ba maza. Dab da wannan fili aka buɗe wani katafaren zauren wasanni a 2023, kuma shi da zauren Bercy na Paris ne aka zaɓa su karɓi gasar duniya ta ƙwallon gora na ƙanƙara a 2028. Amma fa ta maza ce. Waɗannan zauruka ana shimfiɗa musu ƙanƙara ne domin biki, a kwashe bayan an tashi, saboda haka ba su ne za su ƙara wa yarinya 'yar shekara goma sa'a guda ta horo a mako ba. Abin da gasar za ta iya yi shi ne ta jawo hankalin jama'a da kuɗin 'yan kasuwa, sauran kuma ya rage ga yadda hukuma za ta raba abin da ya shigo.

Har ila yau Faransa tana da murya a inda ake yanke shawara. Luc Tardif, haifaffen Kanada, wanda ya shugabanci hukumar Faransa tun kafuwarta, an zaɓe shi shugaban ƙungiyar ƙasa da ƙasa a 2021. Kazalika a watan Yuli na 2024, a taron da aka yi a Paris, an ba yankin duwatsun Alps na Faransa wasannin Olamfik na hunturu na 2030, karo na huɗu ke nan da ƙasar za ta karɓe su, bayan Chamonix a 1924 da Grenoble a 1968 da Albertville a 1992. Bisa al'ada mai masauki yana da gurbinsa, kamar yadda Italiya ta samu a Milan, saboda haka a wannan karo matan Faransa ba sa jiran wata ƙasa ta rasa wurinta. Waɗanda za su cika layi na uku da na huɗu na ƙungiyar a 2030, da yawansu a 2026 'yan makarantar sakandare ne, waɗansu a cibiyar Cergy, waɗansu kuma suna can cikin ƙungiyoyin samari a garuruwansu.