Dausayin Haɗeja da Nguru na Buƙatar Damina da Rani

A inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa tsakanin tuddan rairayi, kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi, akwai dausayin da ke ciyar da jama'ar Jigawa da Yobe da Bauchi tun kaka da kakanni. Albarkarsa tana cikin karɓa-karɓa. Idan fadama ta cika a watan Agusta da Satumba, shinkafa tana tsaye cikin ruwa, kifi yana hayayyafa, masunta suna gyaran koma. Ruwa na janyewa sai manomi ya bi danshi ya shuka wake, makiyayi ya sauko da shanu, tsuntsayen da suka gujo wa sanyin Turai su sauka a Dagona da Baturiya. Ruwan da ƙasa ta shanye kuwa shi ke raya rijiyoyi har ƙarshen rani. Fili ɗaya ne, amma kowa da lokacinsa.

Wannan tsari ne madatsun ruwa suka dagula. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, kogin Haɗeja da ya saba ƙafewa da rani ya koma gudana duk shekara. Ƙasar da ba ta bushewa ita ce gidan kachala, ciyawar da kan fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ya kasa wucewa, jan-baki ya samu mafakar da zai far wa gonakin hatsi. Ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, wasu ƙauyuka na fama da ambaliya, wasu gonakinsu sun bushe.

Za a ce Kano na buƙatar ruwan sha, kuma noman rani a Kadawa da Kura yana ciyar da dubban iyalai. Gaskiya ne, ba mai hankalin da zai ce a rushe dam. Sai dai lissafin da ya ƙirga buhunan shinkafar Kura ya manta da kifin Nguru da nonon rugage bai cika ba. Binciken masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa ya nuna cewa ruwan da ya malala a dausayin ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka zuba a gonakin ban-ruwa na Kano.

Don haka abin da ya kamaci Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are shi ne ta saki wadataccen ruwa da damina bisa jadawalin da aka sanar da mutanen bakin kogi, ta tsuke shi da rani domin kachala ta bushe, a yashe mashigai, a kuma zauna da manoma da masunta da makiyaya kafin a yanke rabon ruwa. Shigar da tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 2000 alkawari ne na kare wannan wuri, kuma a ƙofar dam ake cika shi.