Miƙaƙƙen ɗinki

Miƙaƙƙen ɗinki shi ne layin zaren da keken ɗinki ke yi idan ana haɗa yadi biyu, ba karkata ba tattarewa. Keken yana sarƙe zaren sama da na ƙasa a cikin yadin, dabarar da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1846. A garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, teloli da matan da ke ɗinki a gida sun fi amfani da keken takawa, kamar Butterfly da Singer, domin ba ya buƙatar wutar lantarki.

Yadda ake yi

Ana fara goge yadin, a ja layi da alli, a bar kamar santimita 1.5 daga bakinsa. Haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ne ke jan yadin. Aikin hannu saitawa ne kawai. Idan aka ja yadin da ƙarfi ɗinki kan karkace, allura ma tana iya karyewa. Mai ɗinki yana sa ido a kan bakin yadi, ba kan allura ba. A farko da ƙarshen layi ana maimaita ɗinkin domin kada ya warware.

Matsaloli

Idan zaren sama ya yi tsauri, yadi yana tattarewa. Idan ya yi sako-sako, zare kan cukurkuɗe a ƙasa. Shi ya sa ake fara gwadawa a kan ƙyalle, musamman shadda, wadda hudar allura kan bar tabo a jikinta idan an farke ɗinki.