Fadamar Haɗeja da Nguru: Lambar UNESCO da Rabon Ruwa

A shekarar 2020 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta shigar da wurare uku na Nijeriya cikin jerin keɓaɓɓun yankunan kiyaye halittu na duniya. Biyu daga cikinsu, Oban da Okwangwo, dazuzzuka ne a Jihar Kuros Riba. Na ukun shi ne fadamar Haɗeja da Nguru da Bade, wadda ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe. Kafin wannan lokaci dajin Omo na Jihar Ogun kaɗai ke da wannan matsayi a ƙasar nan, tun daga 1977.

Irin wannan yanki ya sha bamban da gandun dajin da aka saba gani, inda ake shata iyaka a tashi jama'a a zuba masu gadi. A ƙarƙashin shirin da UNESCO ta ƙaddamar a 1971, akan kasa yankin gida uku. Akwai cibiya, wadda doka ta hana a taɓa. Akwai zoben da ke kewaye da ita, inda ake barin bincike da sana'o'in da ba sa cutar da cibiyar. Sai kuma fili mafi girma, inda garuruwa da gonaki da kasuwanni suke, inda ake son jama'a su ci gaba da neman abinci ba tare da sun cinye jarin ba. Ya kamata 'yan kasuwa su lura cewa lambar ba ta zuwa da kuɗi, kuma ba ta kafa wata sabuwar doka. Ƙasa tana nan a hannun gwamnatin da ke da ita, sai dai a duk shekara goma akan nemi rahoton yadda aka tafiyar da wurin.

Abin da ya jawo hankalin duniya ga wannan fadama shi ne tsuntsaye, musamman masu tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a wurare irin su Dagona da Baturiya. Saboda su ne tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko da Nijeriya ta yi wa rajista a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Amma ga mazauna yankin, fadamar masana'anta ce mai aiki shekara zagaye. Idan kogunan Haɗeja da Jama'are suka yi ambaliya, a shuka shinkafa. Ruwa na janyewa a bi danshi da wake da kayan lambu, masunta su kama kifi a yi banda, makiyaya su sauko da shanu da rani. Akwai itacen wuta da kaba da kanwa. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Tun zamanin da titin jirgin ƙasa ya tsaya a Nguru ake lodin albarkar wannan ƙasa zuwa Kano da Kudu.

Matsalar ita ce famfon wannan masana'anta ba a cikin yankin yake ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a Jihar Kano, domin noman rani da ruwan sha na birni. Tun daga nan, tare da farin shekarun 1970 da 1980, faɗin ƙasar da ambaliya ke shafa ya ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara, maimakon cika da janyewa, ya yi wa ciyawar kacalla daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa.

A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da noma da su da itace ke samarwa a fadamar, suka kwatanta da ribar Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Sun gano cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, fadamar ta ninka shirin sau da yawa, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiya cikin lissafin ba. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan riba a ofis shi ne ta warwatsu a hannun dubban ƙananan mutane da ba sa rubuta rasit, ita kuwa madatsa tana da kwangila da kasafi da ranar buɗewa. Shawarar da masana suka bayar tun wancan lokaci ba ta rushe madatsun ba ce, a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar da.

Wannan ya fi ƙarfin kwamitin kula da yankin. Makullan Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. A 2006 jihohi shida, Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, sun kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan, kuma batun madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda Bauchi ta daɗe tana nema, mutanen Yobe da Borno kuma suna tsoro, bai mutu ba. Mai niyyar kafa injin casar shinkafa a Haɗeja ko rumbun kifi a Gashuwa zai fi amfana da bin diddigin jadawalin sakin ruwa da aikin yashe kacalla, fiye da takardar shaidar da ta zo daga Faris.