Basasar Kano: Wa Ya Kunna Wutar, Wa Aka Ɗora wa Laifi?

Wani saƙon murya ya zaga wayoyin mutane a Babura kwanakin baya. Ni a teburin mai shayi na ji shi, bayan sallar isha'i, wani matashi ya ƙure ƙarar wayarsa don kowa ya saurara. Mai maganar yana rantsuwa cewa Turawa ne suka haɗa Yaƙin Basasar Kano domin su sami ƙofar shiga. Wani dattijo da ke gefen benci ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, kashe abin nan. Lokacin da aka yi Basasa, wane Bature ke Kano?"

Dattijon ya fi mai saƙon gaskiya. An fara rikicin a ƙarshen 1893, aka gama a 1895. Sojojin Ingila ba su ci Kano ba sai a watan Fabrairun 1903. Ana iya cewa yaƙin ya raunana ƙasar kafin zuwansu, amma ba su suka shirya shi ba.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin a wancan zamani Babura ƙasar Kano ce, ba ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim ba sai da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. 

Akwai masu cewa faɗa ne tsakanin Haɓe da Fulani. Wannan ma ba haka ba ne. Jagororin ɓangarorin biyu, Tukur da Yusufu, 'yan maza biyu ne, dukkansu jikokin Sarki Ibrahim Dabo, Sulluɓawa. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ne, Tukur ɗan Muhammadu Bello. Rigima ce ta cikin gida ɗaya, kuma shi ya sa ta yi muni.

Tushen abin yana cikin mulkin iyayen. Abdullahi ya hau gado a 1855, ya daɗe ƙwarai, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya kuma ba su sarautu. Da ya rasu a Karofi, sai Sakkwato ta naɗa ɗan'uwansa Bello. Shekara goma ɗin da Bello ya yi, ya yi su ne yana share wa ɗansa hanya: a tuɓe wannan, a ƙwace garuruwan wancan, a naɗa nasa. Tukur ya zama Galadima. 'Ya'yan Abdullahi, da barorinsu, da manyan bayin sarki da suka ci moriyar zamanin ubansu, suka wayi gari ba rawani ba ƙasa. Mutumin da aka raba da garuruwansa ba shi kaɗai aka taɓa ba. Akwai dawaki a bargarsa, akwai jakadu, akwai ɗaruruwan bakuna da ke ci daga hannunsa. A ganina nan ne aka tara itacen.

Sai dai a nan ma akwai gyara. Mutane da yawa suna ɗora wa Bello laifin tuɓe Yusufu daga sarautar Galadima. A'a. Mahaifinsa Abdullahi ne da kansa ya sauke shi tun yana raye, bayan an kai sukarsa cewa yana gaggawar gadon sarauta. Bello ya tarar da shi a tuɓe, abin da ya yi shi ne tabbatar da cewa bai sake tashi ba.

To, shin gaskiya ne Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, shi ya tilasta naɗin Tukur? Wannan gaskiya ne. Tukur ya nuna jarumta a yaƙin Argungu, inda rundunar Sakkwato ta sha kashi a hannun Kabawa, kuma Sarkin Musulmi bai manta ba. Da Bello ya rasu a 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, ya ga inda zukatan mutane suka karkata, amma umarnin da ke hannunsa na Tukur ne, shi kuma ya zartar. Saboda haka masu cewa Tukur ƙwacen sarauta ya yi sun yi kuskure: takardar Sakkwato na hannunsa. Abin da ya rasa shi ne goyon bayan gidan kakansa.

Yusufu da 'yan'uwansa suka ƙi mubaya'a, suka fice daga birni, suka yada zango a Takai. Daga nan ƙasa ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa. Garuruwan kudu da gabas suka riƙa bin Yusufu, wasu da yarda, wasu da kaifin takobi, Gumel ma ta ba da taimako. Harin farko da suka kai wa birnin bai yi nasara ba.

Ana kuma yawan jin cewa Alu ne ya tayar da Basasa. Shi gadar ta ya yi. Yusufu ya rasu a Garko a 1894 ba tare da ya taɓa zama a gadon Dabo ba, sannan aka miƙa jagoranci ga ƙaninsa Aliyu Babba, wato Alu. Zaɓen akwai dabara a ciki, domin mahaifiyar Alu 'yar gidan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sai ya yi wa Sakkwato wuya ta ƙi jininta har abada. Alu ya shiga Kano a cikin shekarar, Tukur ya fita zuwa Kamri a ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895.

Mu na nan arewa muna da namu ruɗanin: tsofaffin labaran mahaya da suka ratso daga Damagaram sukan cakuɗe da na Basasa, har a mai da su yaƙi ɗaya. Hare-haren Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a kan ƙasar Kano sun zo ne daga baya, Alu yana kan gado, Tukur kuma ya riga ya kwanta dama.