"Take Me Out": wasan kwaikwayon da ya tona abin da ake ɓoyewa a ɗakin ƴan wasa

A ƙasar Amurka babu wasan da ake ɗauka tamkar gadon kakanni irin besbol. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum 9. Mai jifa yana tsayawa nesan mita 18 ya wurgo wata ƴar ƙwallo mai tauri, wani lokaci da gudun da ya zarce kilomita 150 cikin awa guda, shi kuma abokin hamayya ya tare ta da sanda. Mai karatu ya riƙe zancen ƙwallon nan, domin ita za ta yi ɓarna a ƙarshen labarinmu.

A kan wannan wasa ne marubuci Richard Greenberg ya gina wasan kwaikwayonsa mai suna "Take Me Out". An fara nuna shi a birnin Landan cikin shekara ta 2002, ya shiga manyan gidajen wasa na Brodwe a Niyok a 2003, inda ya ci kyautar Tony ta wasan da ya fi kowane. Da aka sake kawo shi a 2022, ya ƙara cin wata kyautar.

Tauraron da ya ɗauka ya fi ƙarfin ƙiyayya

Jigon labarin shi ne Darren Lemming, gwanin wata ƙungiya ta ƙage mai suna Empires. Ruwa biyu ne, baƙi da fari, ga kuɗi, ga farin jini. Rana ɗaya ya faɗa wa ƴan jarida cewa shi maza yake nema, yana zaton ɗaukakarsa za ta kare shi daga duk abin da zai biyo baya. A waje an tafa masa. Amma a ɗakin canza tufafi, inda ƴan wasa ke wanka tare, raha ta ɗauke, kowa ya shiga ɗari-ɗari da shi.

Ana cikin haka aka ɗauko wani sabon mai jifa, Shane Mungitt, wanda ya tashi a gidajen marayu, bai yi karatu mai nisa ba. Da aka sa masa makirfo gaban tele, sai ya zagi baƙaƙe da baƙi na ƙungiyarsa, ya haɗa da Darren. Aka dakatar da shi. To amma da yake hannunsa na kawo nasara, wasiƙar neman gafara guda ta isa aka maido shi. Wasiƙar ma ba shi ya rubuta ba, wani abokin Darren ne mai suna Kippy, wanda ya ɗauka gyara yake yi.

Babban abin da ya karya zuciyar Darren ya fito ne daga amininsa Davey Battle, ɗan wata ƙungiyar, mutum mai riƙo da addini. Shi ne ya taɓa ba shi shawarar ya bar ɓoye kansa, ba tare da ya san abin da ke ɓoye ba. Da ya sani, ya juya masa baya. Cikin fushi Darren ya yi masa fatan mutuwa. A wasan da ya biyo baya Shane ya wurga ƙwallo ta sami Davey a ka, ya faɗi, bai tashi ba. Magana zarar bunu ce: kowa ya saki tasa, ba wanda ya iya maido ta.

Ƙage ne, amma yana da tushe

Mutuwa irin wannan ta taɓa faruwa: a 1920 ƙwallo ta kashe Ray Chapman na ƙungiyar Kilibilan. Shi kuwa Glenn Burke, wanda ya buga wa Dodgers da Oakland tsakanin 1976 da 1979, ya bar wasa da ƙuruciyarsa, bai bayyana wa duniya halinsa ba sai 1982. Billy Bean ma sai da ya yi ritaya ya yi magana a 1999. Lokacin da Greenberg ya rubuta wasansa, babu ɗan babbar gasar besbol ko ɗaya da ya yi wannan furuci yana kan ganiyarsa.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Justin Fashanu, ɗan Ingila mai uba ɗan Najeriya, baƙin ɗan wasa na farko da aka saya fam miliyon 1, a 1981. Ya bayyana kansa a 1990, ya sha tsangwama daga ƴan kallo da jaridu, ya kashe kansa a 1998.

Wasan Greenberg bai tilasta wa mai kallo ya canza aƙidarsa ba. Tambayar da ya aje ita ce: mutumin da kuka ci, kuka sha, kuka yi nasara tare, shin yakan zama abin wulaƙantawa rana ɗaya? Kuma me ya sa shugabannin ƙungiya ke yafe wa mai zagi muddin yana kawo kofi? A ƙarshe Empires ta ɗauki kofin, amma babu mai murnar kirki cikinsu, domin an biya shi da ran mutum.